Farantan da Ba Su Hau Rufi Ba

Likitan da ya ɗora Inna a kan allurar ciwon suga abu ɗaya ya yi ta nanata mana: maganin nan ba ya son zafi, a ajiye shi a firji. Na ce masa to cikin ladabi, kamar ban san garin da za mu koma ba. A Birnin Gwari wutar lantarki takan yi tafiyarta ba sallama, ta daɗe har mutum ya manta inda makunnin ɗakinsa yake. Firjinmu kuwa tuni matata ta mai da shi ma'ajiyar kwanuka.

Tun a harabar asibitin, a Kaduna, ƙanwata da ke aure a can ta fara lallashi. "Yaya, ka bar ta a wurina kawai. Ga wuta, ga asibiti kusa."

Inna ta ji ta sarai. Ta ce an riga an tashe ta sau ɗaya, lokacin da mutanen daji suka hana noma muka ɗauko ta daga ƙauyenmu na wajen Kusasu, ta bar ɗakinta da kabarin mahaifinmu. A Birnin Gwari ko ba komai tana ganin mutanen ƙauyen ranar kasuwa, su kawo mata labari. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana. Ta dube ni ta ce, "Kai, kai ni gida." Na yi mata alkawari a nan take cewa za ta zauna a ɗakinta na gidana, maganin kuma ni zan san yadda zan yi da shi.

Da farko dabarar gargajiya muka yi. Muka ƙulle kwalbar a leda muka tura ta cikin jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randar Inna. Da damina abin ya tafi daidai. Da bazara ta shigo sai Inna ta fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, tana cewa tana ganin mutane dishi-dishi, alhali ba ta fasa allura ba. Ma'aikacin asibitin garin ya ce da alama zafi ya kashe ƙarfin maganin. Na koma sayen ƙanƙara a wurin mai janareto a kasuwa, amma ran da bai samu mai ba, ni ma ban samu ƙanƙara ba.

Ni tela ne, awo ne sana'ata, kuma ina da taurin kai. Na nemi masu haɗa sola na Kaduna, duk wanda na kira da ya ji sunan garin sai ya ce zai neme ni. Har yau suna nemana. Sai na ce ai ba da ilimin aka haife su ba, ni ma zan koya. Duk lokacin da sabis ya leƙo nakan ajiye almakashi in kalli yadda ake haɗawa a waya. Na gane cewa farantan sola su ke kama rana, batir ya adana, wata 'yar na'ura ta hana batirin cika ya lalace, inbata kuma ta mai da wutar irin wadda firji ke ci. Na gane sai an ɗan karkatar da farantan su fuskanci kudu, kuma siririyar wayar wuta ba ta yin aikin. Matata ta ce ko a cikin cin tuwo lissafin batir nake yi.

Kayan suka zo a bayan wata motar taki da ta biyo ayarin da sojoji ke rakowa, an naɗe farantan da tsofaffin barguna. Na shigo da su gida a matsayin gilashin taga, ban gaya wa kowa ba. A garinmu yanzu ba a nuna samu. Wanda ya gina gida sai ya bar gabansa ba filasta, mai sabon babur ya shafa masa laka, saboda kowa ya san akwai masu kai wa mutanen daji labari, ba a dai san ko su wane ne ba. Na san duk wannan. Na dai ɗauka zan iya gama aikina shiru.

Ran da na jingina tsani zan hau in auna rufin, matata ta fito daga kicin ta tsaya.

"Malam, ba ka aika wa maƙwabta ba."

Gaskiyarta. Daga saman kwanonmu ana hango tsakar gidajen mutane, kuma a wurinmu namiji ba ya hawa rufi sai an zaga an faɗa, domin mata su kimtsa ko su shiga ɗaki. Wanda ya hau ba sanarwa, sunan mai leƙen matan mutane ba zai sake shi ba har 'ya'yansa. Ta yafa mayafi ta shiga gida-gida tana cewa maigida zai hau sama. Ko'ina sai a tambaye ta, yoyo ake yi da bazara? Matata ba ta iya ƙarya ba. Ta ce aikin wuta ne.

Na hau da tef ɗin awo a wuyana, kwano na ƙona mini tafin hannu. Wurin ya yi daidai, ba inuwar komai, rana tun daga fitowarta har faɗuwa. Na yi murna har na yi dariya ni kaɗai. Sai na ɗaga kai na duba unguwar. Duk rufi ya yi tsatsa, babu ko ɗaya mai ƙyalli. Gidajen da na san suna da dish na talabijin a da, ƙarfen da aka kafa shi kawai ya rage. Can bayan gonaki ga bakin daji a fili, kamar in miƙa hannu in taɓa. Na sauko.

Bayan la'asar dattijon da muke katanga ɗaya da shi ya yi sallama a zaure. Tun ina yaro abokin mahaifina ne, Baba nake ce masa. An taɓa ɗauke ɗansa a gona, sai da ya sayar da gonar kafin aka sako yaron. Ya gaishe ni, ya tambayi jikin Inna, ya tambayi kasuwa, ya yi maganar zafi, sannan ya shiga murza hularsa.

"Ɗana, na ji za ka sa gilashin wuta a sama."

"Don maganin Inna ne, Baba. Firji kawai zai riƙe."

"Na sani. Ni na sani. Amma abin nan yana ƙyalli, daga nesa ake ganinsa. Wanda zai kai labari ba zai ce magani ba, cewa zai yi tela ya yi kuɗi. In kuma suka shigo, ba gida ɗaya suke tsayawa ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce to in zuba ido uwata ta makance ke nan? Na ce rana ce fa, ta Allah, ita ma sai mun ɓuya kafin mu sha? Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ban hana ka ba. Gidanka ne, uwarka ce." Ya tashi ya sa takalmansa. Da ma zagina ya yi, da na samu abin da zan riƙe in yi fushi da shi.

Sai na gwada ƙasa. Na jera farantan a tsakar gida, na tokare su da turmi da bulo. Tsakar gidanmu ƙunci gare ta, ga katanga, ga mangwaron Baba da ya leƙo. Rana ba ta sauka a kansu sai hantsi ya ɗaga sosai, kafin la'asar inuwa ta rufe su. Baba da kansa ya sa aka sare rassan da suka ƙetaro, a lokacin da mangwaron ke cike da 'ya'ya, ban ma roƙe shi ba. Duk da haka batirin bai taɓa cika ba. Firji ya yi sanyi da rana, da safe in buɗe in tarar da kwalbar da ɗumi. Nakan tsaya in dubi rufin nan, rana na zuba a kansa a banza, tsani kuma yana jingine a inda na bar shi. Ban taɓa jin na kasa komai ba irin na lokacin.

Na yanke shawarar zan hau kawai, abin da zai faru ya faru. Amma matan unguwa masu zuwa gaishe da Inna sun riga sun gaya mata komai. Ta sa aka kira ni.

"Kai, a ɗauke tsanin nan."

"Inna, na yi miki alkawari."

"Na yafe maka shi. In aka shigo unguwar nan saboda allurata, da wane ido zan dubi matar maƙwabcinka? Ta riga ta yi kukan ɗa sau ɗaya." Ta gyara zama. "Ka kira 'yar'uwarka, ka ce ina zuwa."

Na ce ta ba ni lokaci, zan ƙaro batir, zan sake dabara. Ta ce in tashi in tafi shago.

Da safiyar ranar da za ta bi ayari, mata suka cika ɗakin, tana ce musu likita kawai za ta gani ta dawo, a riƙa zuba wa randarta ruwa kada ta tsage. Na sa kwalbar a cikin kula mai ƙanƙara. Da suka fita waje jiran yi mata rakiya ta ce in buɗe akwatinta in ɗauko mata ƙunshin da ke can ƙasa, in sa a jaka. Ina taɓawa na gane, don ni na yanko mata shi shekarun baya, farin yadin da ta ajiye na likkafaninta. Na ce, "Inna, wannan ai ba sai kin tafi da shi ba, tunda dawowa za ki yi."

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Sa shi dai."

Farantan suna ɗakinta yanzu, na juya fuskarsu bango. Matata tana zuba wa randar ruwa.