Filin da Na Saya Kafin a Raba Gado

Ni wayona ne ya kayar da ni, irin wayon wanda bai wuce aji biyu ba amma yake ganin ya fi alƙali sanin shari'a. Ko zan manta sunayen jikokina, ba zan manta filin nan na bakin titin Gaya ba.

Wani magidanci ne ya ja ni gefe a kasuwa, ya ce zai sayar da bakin gonar mahaifinsa, wanda ko wata uku bai yi da rasuwa ba. Arahar har kunya ta ba ni. Na san ba a raba gadon ba. Na kuma san yana da ƙanwa mai aure a Gafasa, amma na ce a raina, wace mace ce za ta baro ɗakinta ta zo rigimar ƙasa? Na sayar da shanun huɗata. Mai unguwa ma ban kira shi ba, don kada ya ci goro. Aka rubuta takarda a bayan shago, na dangwala yatsa, ina ta gyaɗa kai kamar na iya karanta ta.

Gini ya kai linta, shago uku, sai ga sammaci. Ashe mijin ƙanwar ya rasu, ta dawo gida da marayu huɗu, ba ta da komai sai rabonta na gonar. Yayan nata kuwa ya yi kudu, wayarsa a kashe.

Alƙali ya juya takardata ya ce, "Malam, magada nawa suka sa hannu?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, babban ne ya sa."

"Babba ba shi ne duka ba. Ya sayar maka da abin da bai zama nasa ba tukuna."

Da aka ja igiya aka raba, bakin titin ya faɗa rabonta. Aka ce in kwashe bulona. Daminar nan da hannu na yi huɗa, da furfurata, rabin gonata ya zauna ba shuka. Tun daga nan duk wanda ya zo min da zancen sayen ƙasa, sai in ce ya fara neman magada ɗaya-ɗaya, mata kafin maza, ya ga takardar rabo, mai unguwa na tsaye.

Ranar da nake rushe ginin da hannuna, ƙanwar nan ta kawo min ruwa a kwano. Ta jira na shanye, sannan ta ce, "Baba, kai ma kana da 'ya'ya mata, ko?"