Ci Ɗayan Nassirou Tela

Nassirou tela maƙwabcina ne a Wadata, mutumin Tahoua, gemu fari amma zuciya ta ƙaramin ɗan lakwal mai koyon ABC. Tun da matarsa ta rasu, daga shi sai 'yarsa Nafissa a gidan. Ita ta harhaɗa wata 'yar ordinata, kwamfutar da ba ta fi sabulun wanka girma ba, ta jona ta da tele, ta sayo manet biyu, abin nan da ake riƙewa ana latsawa. Kullum bayan la'asar suna buga balo, ƙwallon ƙafa, a ciki, kullum tana lallasa uban, ni kuwa ina jiyo ƙorafinsa ta katanga.

Ranar da za ta tafi karatu Dakar, Allah ya ba shi ci ɗaya, na farko a rayuwarsa. Sai ga taksi a ƙofa. Ta tsayar da wasan ta ce, "Baba, kar ka kashe. In na dawo mu ƙarasa."

To ita abar ba ta da riƙo, da kuran ɗin lantarki ya ɗauke ta manta komai, kamar mijina na biyu. Kuran ɗin Yamai kuma kun san halinsa lokacin zafi. Sai Nassirou ya cire batirin moto ɗinsa, wani mai gyaran rediyo a Zongo ya haɗa masa wayoyi zuwa ordinatar, shi ya koma zuwa shago a ƙasa. Kowace Juma'a yakan caja manet ɗin duka biyu, ya goge tata da ƙyallen shadda, ya kunna tele ya leƙa cinsa, ya kashe tele ɗin kawai. Na ce masa ga zawarawa cike da unguwa, ba wadda ta samu rabin wannan kulawa. Ya ce zawarawa ba su bar masa wasa a tsaye ba.

Bana aka yi wata doguwar ɗaukewa. Batirinsa ya ƙare, na ba shi na fankata, na zauna ina tsiyayar zufa ina tsine wa balo. Shi ma ya ƙare. Da hantsi na gan shi zaune a dokin ƙofata, manet ɗinta a hannu, ya ce mini ordinatar ta mutu. Na ce Allah ya ji ƙanta, ya buga wa yarinyar waya.

Ya buga, ina saurare. Ta yi ta dariya, ta ce dama ita ta bar masa cin, don kar ya yi mata kuka a gaban mai taksi. Ya tambaye ta yaushe za ta zo su sake daga farko. Ta ce sai ta ga yadda jarrabawa ta kasance.

Ya mayar da batiri jikin moto. Amma Juma'ar nan na leƙa, manet biyu na caji a kan tabarma, tata a gefen da take zama.