Rumbun da ya ci gyarana

A lakwal, makarantar mishan, aka koya mini cewa ba a nuna wa kowa rubutun farko. Mutum ya gyara, ya sake gyarawa, ya kwafe da tsabta, sannan ya yaga na farkon. A kan wannan na tsufa.

Muna buro ɗaya, wato ofis, a Birnin Konni, mu uku, ni da abokin aikina da shugabarmu, muna shirya ɗan littafin adana wake domin manoman Alela da Tajaye. Sai shugabarmu ta kawo wani ma'aikaci daga Yamai, ya ja waya tsakanin ordinatocinmu, wato kwamfutoci, ya ware ɗaya ya ce ita ce rumbu. Kowa zai ɗebo littafin daga can da safe, ya mayar da abin da ya taɓa kafin a tashi, kuma rumbun ba ya manta kome, har kuskure yana ajiyewa da sunan mai shi. Ya faɗi wannan da fara'a, kamar alheri ya kawo mana. Tun ranar ban ƙaunace shi ba.

Na ɗebo littafin sau ɗaya, na rufe bakina, na yi mako shida ina gyara. Abokin aikina kuwa, wanda bai taɓa karanta abin da ya rubuta sau biyu ba, kullum sai ya zuba shirmensa. Ya mayar da babi na huɗu na biyu, ya tsaga wani gida uku.

Ana jibi za a kai littafin wurin bugu na miƙa nawa. Rumbun ya ƙi karɓa. Kusan kowane shafi, wai gyarana ya ci karo da na abokin aikina, sai an zauna an zaɓa layi layi. Na ce a ɗauki nawa a zubar da nasa. Shugabar ta ce ba lokaci, kuma abin da ke rumbu shi kowa ya gani.

Mutumin Yamai ya dube ni ya ce, "Baba, da kun riƙa zubawa kullum, da ba a yi haka ba."

Na ce, "Ni ba na shanya wankina kafin ya fita."

Nasu aka buga. Kwafi ɗaya aka ba ni, na bi shi da jan biro tun daga bango har bango. Yana cikin akwatina, ban nuna wa kowa ba.