Kwalabe Biyu a Majalisar Surukina

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Jega Firchin, ban fi shekara da aure ba, kuma ina ji da kaina fiye da kima. Biro biyu nake sakawa a aljihun gaba, ko da kuwa kasuwa zan je. Matata 'yar Kashin Zama ce, ta wajen Aliero, kuma a gidansu ni ne mai Turanci. Duk takardar da ta shigo gidan sai a ajiye a ce sai Malam ya zo.

Wata Juma'a na je gaishe da mahaifinta, dattijo manomin albasa. Na same shi a ƙofar gida da abokansa, na tuɓe takalmi na durƙusa daga nesa. Bayan gaisuwa sai ya sa aka ɗauko kwalabe biyu na maganin feshi, waɗanda wani direba ɗan'uwansa ya kawo masa daga Kudu, samfurin da ba a saba gani a wajenmu ba. Ya ce ƙwari sun fara yi wa irin albasarsa fari-fari a ganye, ga lokacin dashe ya matso, in duba masa wanne ne nasu. Na karɓa na duba. Ɗaya an rubuta weed da manyan baƙaƙe, ɗayar kuma pest. Na san na taɓa haɗuwa da su duka biyun, kuma abin da ya tsaya mini a kai kawai shi ne duk suna ɓata shuka. Dattawa shida sun zuba mini ido. Sai na gyara murya na ce ai duk abu ɗaya ne, Bature ne da son yawan suna, ya yi amfani da babbar kwalbar don ta fi auki. Suka yi ta sa mini albarka. Surukina ya ce Litinin zai yi feshin.

Tun a kan babur hankalina ya ƙi kwanciya. Asabar da safe na buɗe ƙamus na duba kalmomin biyu. Weed ciyawa ce, pest kuma ƙwari da sauran masu cin shuka. Babbar kwalbar da na zaɓa masa maganin kashe ciyawa ce, kuma jaririn ganyen albasa ba zai tsira daga gare ta ba. Wannan irin kuwa ba na kasuwa ba ne. Tun daga mahaifinsa yake, kowace shekara shi yake fitar da shi da hannunsa.

A nan na tafka kuskuren da ya fi na farko. Lambar surukina tana cikin wayata, amma ban taɓa kiransa ba, don a wajenmu suruki ba abokin waya ba ne, saƙo ake aikawa. Matata ce ya kamata in gaya wa, sai na kalle ta tana shara, na tuna yadda take yabona gaban ƙawayenta, na fasa. Na nemi yayanta, wayarsa a kashe, wai ya tafi Kimba biki. Na ce wa kaina ai akwai sauran kwana biyu. Ranar nan sau uku ina fitar da babur ina mayarwa, ina tsara yadda zan gyara maganar ba tare da na ce na yi kuskure ba.

Lahadi da hantsi na kasa jurewa, na kama hanyar Aliero. Tun kafin in isa fadamar surukina na ji warin magani. Ashe ya ga iska ta kwanta tun jiya da yamma, ya ce me zai jira, ya yi feshinsa. Na same shi tsaye a bakin fangalin da ya yafa irin, na durƙusa na faɗa masa komai. Muka yi ta kwarara ruwa har azahar ko za a dace, amma maganin ya riga ya kwana. Cikin mako ɗaya ganyen ya yi rawaya ya kwanta. Shekarar nan a kasuwar Maiyama ya sayi dashe, irin mahaifinsa kuma ya tafi ke nan.

Bai tona ni ba. Duk wanda ya tambaya sai ya ce ciwo ne ya faɗa wa irin. Sau ɗaya tak ya yi mini maganar, muna mu biyu, idonsa a ƙasa: “Malam, da ka ce ba ka sani ba, da mun tambayi wani. Mu ma ba mu sani ba, ba mu ko mutu ba.”

Na rubuto wannan ne saboda masu ɗan karatu irina, waɗanda 'yan'uwa ke miƙo wa takarda ko kwalba da yarda. Idan kalma ta shige maka duhu, ka ce a ba ka lokaci ka duba. Idan kuma ka riga ka faɗi ba daidai ba, ka gyara a sa'ar da ka gane, ko gaban wa za ka ji kunya. Ni na tsare mutuncina na kwana ɗaya, dattijo ya rasa abin da ya gada. Har yau yana karɓata da fara'a, yana sa a kawo mini fura. Amma duk ranar da ya sami sabuwar kwalba, sai ya sa ta a aljihu ya hau mota zuwa Aliero wajen mai shagon magani, ko da ina zaune a gidan.