Malam Maccido da Bargon Alhaji Lado

Da an sallame sallar asuba, Malam Maccido zai shiga ɗakin bayan gidansa a Kaura Namoda, inda ya jera tsofaffin baturan sola shida. Ya ɗora wa kowanne mita, ya duba ma'aunin zafi, ya rubuta, sannan ya hau mashin zuwa sakandaren da ya yi shekara talatin da ɗaya yana koyar da lissafi. Ni malamin Hausa ne a makarantar, kuma ni na laƙaba masa Likitan Batir don tsokana. Allah ya yafe mini.

Daga awon shekara tara ya haɗa wani lissafi. Ka gaya masa zafin ɗaki, da wutar da ake ja kullum, da shekarun batir, ya gaya maka lokacin da zai mutu. Masu ƙanƙara a Shinkafi sun gwada, masu cajin waya a kasuwar Moriki ma sun gwada, bai ba su kunya ba. Amma da yake ɗan gida ne, bai sauko daga jirgi da jaka ba, sai a taɓe baki a ce, "Malam dai da lissafinsa." Wannan halin namu na ci mini rai.

A bazarar bara, Saude, ma'aikaciyar lafiya a wani ƙauye bayan Zurmi, ta kira shi. Firjin allurar rigakafin ƙyanda ya fara ɗaukewa, ga yara fiye da ɗari biyu suna jiran allura. Na raka shi. Muka tarar da baturan firjin a rumfar kwano, rana na dukanta, an lulluɓe su da bargo kamar jinjiri. Shugaban kwamitin asibitin, Alhaji Lado, yana tsaye yana jiran yabo.

"Alhaji, wa yal lulluɓe su?" in ji Malam.

"Ni na. Abu mai tsada awa wanga a bar shi ga ƙura? Da kaina nis sawo bargon."

"Allah shi saka da alheri. Amma zahi ka kashe batir, ba ƙura ba. In anka bar su haka, ba su wuce sati bakwai."

"Haba Malam, batir ma ka san ajalinai?"

Wallahi da ni ne, da na fizge bargon na jefar. Malam kuwa sai ya tsuguna, ya ɗauki tsinke yana zana masa layi a ƙasa: ga zafi na hawa, ga ƙarfin batir na gangarowa. Awa biyu cur. Alhaji ya gane sarai, abin da ya hana shi yarda dai shi ne kada a ce ya yi kuskure a gaban jama'a. Saude har ta yi hawaye don takaici, ta ce, "Baba Alhaji, ɗiyan mutane hwa muka magana."

Can sai Malam ya miƙe ya karkaɗe rigarsa. "Alhaji, ai bargonka na da babban aiki. A maida baturan ɗakin laka, a riƙa jiƙa bargon ana ratayawa ga taga. Shi za ya sanyaya ɗakin." Nan take Alhaji ya ce dama abin da yake nufi ke nan tun farko. Shi ya ɗebo ruwan da hannunsa.

Akwai wani ƙaramin asibitin a wajen Shinkafi, su ma rumfar kwano, su ma bargo. Sau uku Malam yana kai musu takarda da lissafinsa. Aka ce masa wannan ba hurumin malamin makaranta ba ne. A sati na shida firjinsu ya mutu, allurar ta lalace, aka mai da mata gida da goyonsu. Ƙyanda ta shigo, aka binne yara biyu. A ƙauyen Saude kowane yaro ya samu allurarsa.

Malam, kai ne ka auna abin da muke yi wa dariya har ya tsare rayukan 'ya'yanmu. Amma kai ma ina da ƙorafi a kanka. Ka cika kawaici. Ranar da aka kore ka daga asibitin wajen Shinkafi karo na uku ka dawo ka ce mini, "Wataƙila ban iya bayani ba ne." Ka iya, Malam. Mu ne ba mu ji.

Watan jiya Malam ya yi ritaya. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Bai nemi komai ba sai mutum biyu da zai koya wa lissafin nan kyauta, don har yanzu akwai firjin allura a ƙauyukanmu da ba mai auna baturansa. Ku masu digiri da ke zaune a gindin bishiya, har yau ba wanda ya je. Ni dai na sayi littafi da biro, ranar Asabar zan fara. Shekarata hamsin da shida, kuma tun ina firamare lissafi ke kayar da ni. Bazara saura wata huɗu.