Hannun 'Yar Mahauci

Shekarar da aka hana amfani da leda a kasuwannin N'Djamena, shekarata goma sha shida, ina taya Baba aikin nama a shagonsa na unguwar Diguel. Hannuwana manya ne irin nasa, ga tabon wuƙa a yatsu.

Saura kwana biyu Babbar Sallah na je unguwar Paris-Congo wurin 'yar kawuna, wadda take yi wa 'yan mata lalle. Ta kama hannuna ta juya shi a gaban ƙawayenta.

"Ke 'yar mahauci, wannan ai faranti ne! Lallen mutum uku zai cinye."

Aka kwashe da dariya. Na koma gida ba lalle, na ƙudurta hannun nan ba zai ƙara fita daga mayafi ba.

Ranar Sallah zazzaɓi ya kwantar da Baba. Kawu ya yanka ragon layyarsa, amma babu mai fiɗa, don Baba ne yake feɗe masa. Na daɗe ina kallon ragon, sannan na ajiye mayafi, na yi bismillah, na feɗe shi tsaf, ko huji ɗaya babu a fatar. Duk gidan suna kallo, har da 'yar kawuna, ban ji kunya ba. Allah ya san dalilin da ya sa ya ba ni hannuwan nan haka.

Washegari 'yar kawuna ta zo da kwanon lallenta.

"Ƙanwata, na yi miki laifi, kuma bashin lallenki yana kaina. Miƙo."

Na miƙa duka biyun. "Kada ki rufe tabon, Yaya. Zagaye shi."

Ta zagaye shi da fure, na yafe mata.