Ranar da Muka Kai Kaka Kallon Gwanayen Ces

Har yau idan na ji ƙarar salatif ana naɗe kwali, sai in tsinci kaina a falonmu na unguwar Hor Al Anz a Dubai. Rabin falon kaya ne: atamfa, takalma, turare, duk a ɗaure suna jiran kago, wato jigilar kaya, zuwa Kano. Sana'ar Abba ke nan. A cikin wannan matsin aka kawo mana kakana, mahaifin Abba, don a duba masa ido. Da niyyar ɗan lokaci ya zo, amma likita ya yi ta ɗaga rana, har Abba ya gaji da sabunta biza ya yi masa iƙama, takardar zama a ƙasar.

Ina 'yar shekara goma a lokacin. Amarya yake ce mini, ni kuma in ce masa tsohon ango. A jakarsa ya zo da wani allon katako mai gidaje baƙi da fari, 'ya'yansa kuma a cikin tsohuwar safa. Ces ne, darar Turawa, wadda Larabawa ke kira shataranji. A Rasha ya koyo ta, sa'ad da gwamnati ta tura shi karatun injiniya yana saurayi. Shi ya sa ɗan da ke tafiya a karkace yake ce masa giwa, na kusurwa kuma kwalekwale, yadda 'yan can suke faɗa.

Idan zafi ya shigo, irin wanda ko baranda ba ta tsayuwa, gilashin taga yana ta gumi, sai mu ɗora allon a kan kwali bayan la'asar. Bai cika son mu kara ni da shi ba. Abin da yake so shi ne ya jera mini wasannin mutanen da, gwanayen da suka yi tashe tun Turawa ba su daɗe da shiga Kano ba. Ya haddace su kamar karatu. Yana faɗa ina matsar da 'ya'yan, yana ba ni labarin masu wasan. Da yake bakina ba ya iya sunayensu, sai ya raɗa musu nasa: Bajamushe mai sigari, saurayin Kuba, Barashe mai zafin kai.

Ya ce a jirgin ruwa suke haye teku don su haɗu, su tare a otal guda kusan wata. Wasa ɗaya yakan cinye yini, mutum ya tallabe haɓa yana kallon allo har shayinsa ya huce. Ya ba ni labarin zuwan saurayin Kuba wata gasa a bakin tekun Sifen, inda wani babba ya ce yaron bai isa ya zauna da su ba. Da babban nan aka fara haɗa shi, yaron ya lallasa shi, ya kuma cinye gasar. Duk sanda Kaka ya zo nan sai ya yi dariya har da tari, kamar yana wurin aka yi.

Amma wanda ya fi maimaitawa shi ne na gasar da yaƙin duniya na farko ya katse a Jamus. Ana tsakiyar wasa aka kama 'yan Rasha aka tsare. Babu allo a ɗakin da aka kulle su, sai suka riƙa yi da baki, kowa yana riƙe da gidajen a kansa. Da idon nasa ya ƙara dushewa, haka ya koma yi da ni. Yakan juya wa allon baya ya cinye ni, sannan ya tambayi Umma ko an sauke shayi.

Aikin idon bai yi ba. Likita ya ce jijiyar ta riga ta mutu. Ina shekara sha huɗu, haske da inuwa kawai yake bambancewa, Abba kuma ya fara maganar mayar da shi gida. A wannan bazarar na ji a makaranta cewa manyan gwanayen duniya za su yi gasa a nan Dubai. Da na gaya masa, sai ya ce a Rasha sau ɗaya ya je ƙofar irin wannan zaure, bai samu shiga ba, ya tsaya cikin ƙanƙara yana kallon wani babban allo da aka rataye a waje. Tunda ya zo bai taɓa roƙon Abba komai ba sai ranar.

Abba yana da lodin kwantena a Ras Al Khor, ya bar wa abokinsa. Umma ta goge wa Kaka babbar rigarsa ta shadda, ya sa hula ya fesa turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Mun shirya cewa zan riƙa kallon allon bango ina raɗa masa kowane motsi, shi kuma ya gani a kansa.

Ba mu san gasar ta sauri ce ba. Zauren sanyi ƙalau, tebura a jere, a kansu samari ne, wasu ko gemu ba su tara ba. Kafin in faɗi motsi ɗaya an yi uku. Na fara haɗa doki da giwa, na rikice. Wani ma'aikaci mai kwat ya matso ya ɗora yatsa a leɓe, ya ce mamnu', wato an hana. Na daina raɗa masa. Kaka ya zauna hannunsa a kan sandarsa, ba abin da ke isa gare shi sai ƙas-ƙas ɗin agogo da 'yan wasan ke bugawa bayan kowane motsi. Can aka fara jan kujeru.

"Amarya, har sun gama?"

Na ce sun gama. Ya tambaye ni wa ya ci, na ce ban gane ba. Ya daure ya ƙara zama zagaye ɗaya, sannan ya laluba ya taɓa gwiwar Abba ya ce yalla, mu tafi.

A mota Abba ya yi ta ba shi haƙuri. Kaka ya ce ba komai, Allah ya yi masa albarka, ya dai ji ƙarar hannunsu. Ya tambaye ni ko akwai dattawa a cikinsu, na ce ban ga mai furfura ba. Ya gyaɗa kai, ya juya fuskarsa wajen taga.

Kafin sanyi ya shigo aka mayar da shi Kano. Shekara na zagayowa ya rasu, kafin mu samu jirgi an riga an kai shi.

Yanzu duk wasannin nan suna cikin waya. Na nemo sunayen mutanen na gaskiya, na ga hotunansu da gashin baki da kwat. Na'ura har tana nuna inda suka yi kuskure, cikin ƙiftawar ido, a kan abin da suka yini suna tunani. Ɗana yakan yi wasa da wani a wata ƙasa ya gama kafin in zuba masa abinci, bai san ko fuskarsa ba.

Abba ya tsufa yanzu. Idan aka tuna da Kaka, yakan ce ya gode wa Allah da ya cika wa mahaifinsa burinsa kafin ya bar duniya. Nakan ce haka ne, Abba. Ban taɓa gaya masa ba cewa daga ranar har aka kai Kaka filin jirgi, na sha ɗauko allon bayan la'asar, shi kuma sai ya ce in bari sai gobe.